Rumbun Iri da Allah Ya Ajiye Mana a Jeji

Darasi domin ƙungiyoyin nazari, zumuntar mata da matasa

Karatu: Farawa 1:11-13, Farawa 41:33-36, Ayuba 14:7-9

Manufar darasi: Mu gane inda bambancin da ke cikin itatuwa da ciyayin jejinmu ya samo asali, yadda ya tsira daga dogon fari na zamanin da, da kuma abin da za mu yi domin kada ya ƙare a hannunmu.

Gabatarwa

Kowace uwa da ke kaɗa miyar kuka ta san ba dukan kuka ba ce ɗaya. Ganyen wata yana da daɗi, na wata kuwa da ɗaci. Yaran da ke kiwo sun san magaryar da 'ya'yanta ke da zaƙi da wadda ke da tsami, ko da suna tsaye kusa da juna a ƙasa ɗaya, suna shan ruwan sama ɗaya. Haka aduwa, haka kanya, haka ɗinya. Mun saba da wannan abu har ba mu tambaya. A wannan darasi za mu tambaya: daga ina bambancin ya fito, kuma zai iya ƙarewa?

1. Mene ne gadon iri?

Farawa sura 1 ta koya mana cewa Allah ya umarci ƙasa ta fid da tsire-tsire masu ba da iri, kowanne bisa ga nasa. Kuka ba ta haifar tsamiya. Amma a cikin iri ɗaya ma Allah bai yi su kamar bulon da aka buga da ma'auni guda ba. 'Ya'yan uwa ɗaya uba ɗaya sukan bambanta, wani dogo, wani gajere, wani mai jure zazzaɓi. Itatuwa ma haka suke.

A cikin kowace ƙwayar iri akwai wasu 'yan ƙananan abubuwa da ido ba ya gani, waɗanda masana ke kira ƙwayoyin gado. Su ne ke ɗauke da umarnin yadda tsiro zai kasance: zurfin saiwarsa, lokacin da zai yi fure, ɗanɗanon 'ya'yansa, da irin cutar da zai iya jurewa. Tsiro mai fure yakan sami rabin gadonsa daga uwar da ta ɗauki 'ya'ya, rabi kuma daga garin furen da iska, ƙudan zuma ko jemage suka kawo daga wani. Furen kuka da na ɗorawa da dare suke buɗewa, jemagu ne kuwa manyan masu yi musu wannan aiki.

Idan itatuwa iri ɗaya suna da yawa a wuri, kuma ba 'yan gida ɗaya ba ne, mukan ce wurin yana da yalwar gado. Idan kuwa dukansu zuriyar itace biyu ne ko uku, gadonsu ƙunci gare shi, ko da sun kai dubu a ƙirge.

2. Lokacin da hamada ta sauko har ƙasar Rabah

Duk wanda ya bi hanya tsakanin Rabah, Wurno da Goronyo ya san ƙasarmu kashi biyu ce. Akwai fadama a bakin gulbin Sakkwato da gulbin Rima, inda ake shinkafa, albasa da tafarnuwa. Akwai kuma tudu mai yashi inda muke shuka gero da wake. Wa ya jibge wannan yashi?

A shekarar 1958 wani masani ɗan Ingila mai suna A. T. Grove ya bayyana cewa jigayin ƙasar Hausa tsofaffin tuddan yashi ne irin na hamada, waɗanda iska ta tara, daga baya ciyawa ta rufe su suka tsaya wuri ɗaya. A 1971 wasu masanan ƙasa biyu daga Holan, Sombroek da Zonneveld, suka fitar da sakamakon bincikensu kan kwarin Rima da Sakkwato. Sun tarar da shimfiɗun yashin iska da na lakar gulbi, wani bisa wani, har suka sa musu sunayen garuruwanmu kamar Sakkwato, Zurmi, Illela da Rabah. Wannan ya nuna cewa fari da damshi sun yi ta karɓa-karɓa a nan, ba sau ɗaya ba.

Fari mafi tsanani na baya-bayan nan ya zo daidai da abin da ake kira zamanin ƙanƙara. Bisa ga lissafin masana, ya kai ƙarshen ƙarfinsa wajen shekara 21,000 da suka wuce. A lokacin ƙanƙara ta rufe Kanada da arewacin Turai, kaurinta a wasu wurare ya kai kilomita 3. Ruwan duniya da yawa ya daskare a can, har teku ya ja baya, ya sauka da kimanin mita 120. Ƙanƙarar ba ta zo nan ba. Abin da ya iso mu shi ne fari. Teku mai sanyi ba ya tada tururi sosai, saboda haka iskar damina da ke kawo mana hadari daga kudu ta yi rauni. Bakin hamada ya gangaro kudu da kilomita 400 zuwa 500. Tafkin Chadi ya ƙafe. Ƙasar Rabah a lokacin ta yi kama da abin da matafiyi ke gani yau idan ya wuce Tawa ya nufi Agadas.

Wani ɗan'uwa zai ce, waɗannan dubban shekaru fa, ina suka shiga cikin bangaskiyarmu? Masu bi na gaskiya sun daɗe suna da fahimta dabam-dabam a kan tsawon kwanakin halitta, ba kuwa wannan ne darasinmu ba. Zabura 90 ta tuna mana cewa lissafin lokaci a wurin Allah ba irin namu ba ne. Littafi Mai Tsarki ya gaya mana wanda ya yi duniya da dalilin da ya sa ya yi ta. Masana kuwa suna bin sawun da aikinsa ya bari a ƙasa. Yashin yana nan ƙarƙashin gonakinmu, kowa na iya haƙawa ya gani.

3. Ina itatuwan suka tafi?

Itace ba shi da ƙafa. Idan fari ya daɗe, tsofaffin da ke wurin sukan mutu ba magaji. Irin yakan ci gaba da rayuwa ne kawai a inda sauran damshi ya rage: can kudu inda ruwan sama bai yanke ba, ko bakin gulbi, ko gindin dutse, ko kwazazzabon da ke riƙe ruwa. Irin waɗannan wurare su ne mafaka. Ko babban kurmin Afirka ma a lokacin ya tsuke, ya koma 'yan tsibirai a wajajen Kamaru, Gabon da Laberiya.

Ga misalin da za a iya gwadawa a taron nazari. A cika ƙwarya da wake kala-kala: fari, ja, baƙi da mai ɗigo-ɗigo. A rufe ido a ɗebi cikin cokali ɗaya, a ajiye sauran gefe. Abin da ke cikin cokalin shi ne ringin da ya tsira. Da wuya a sami dukan kalolin a ciki. In aka shuka wannan ringi ya cika rumbu, yawa ya komo, amma kalar da ba ta shiga cokali ba ta tafi ke nan. Masana sukan kwatanta wannan da wucewa ta matsattsiyar ƙofa.

Abubuwa uku ne ke fitowa daga nan. Na ɗaya, inda mafaka take da faɗi, gado mai yawa yakan tsira. Na biyu, inda mafaka ta tsinke gida-gida, kowane gida yakan zauna shi kaɗai shekaru dubbai har ya bambanta da 'yan'uwansa. Na uku, idan ruwa ya komo itatuwa suka sake bazuwa, 'yan kaɗan ne ke yin gaba, saboda haka wuri mai nisa da mafaka yakan sami gado kaɗan, sai fa inda zuriyar mafaka biyu suka haɗu suka gauraya. A Turai an ga haka ƙarara. Itatuwa da furannin jeji da yawa sun tsira ne a kudu, a Sifen, Italiya da ƙasashen Balkan, daga can suka sake hawa arewa bayan ƙanƙara ta narke.

4. Shaidar kaɗanya

Ba a Turai kaɗai aka bi wannan sawu ba. Kaɗanya ba ta da yawa a wajenmu, ta fi son ƙasashen da suka fi mu ruwa kamar Zuru da Kwantagora, amma babu gidan da bai san man kaɗe ba. Tana tsirowa daga Senegal har zuwa Yuganda da Habasha. A 2011 wasu masana daga Faransa da ƙasashen Afirka suka buga binciken da suka yi a kan itatuwan kaɗanya 374 daga wurare 71. Sun gwada ƙwayoyin gadonsu, suka kuma lissafa inda kaɗanya za ta iya rayuwa a lokacin babban farin nan.

Sun tarar cewa kaɗanyar Afirka ta Yamma ta fi ta gabas yalwar gado. Dalili kuwa shi ne, a yamma ƙasar da ta dace da ita ba ta tsinke ba ko a tsakiyar farin, amma a gabas ta rarrabu kashi-kashi. Har yau ana ganin bambanci tsakanin bangarorin biyu. Man kaɗen Yuganda da Sudan ta Kudu yana da laushi, kusan ruwa-ruwa, namu na yamma kuwa yana daskarewa da tauri. Wato mu mutanen yamma ne aka bar wa babban rabo na wannan gado. Wanda aka ba da yawa kuwa, za a nemi da yawa a hannunsa.

5. Da ruwa ya komo

Bayan zamanin ƙanƙara ya wuce, damina ta komo da ƙarfin da ya fi na yau. Daga wajen shekara 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce, Sahara ta zama ƙasar ciyawa da tafkuna. Tafkin Chadi ya kai faɗin murabba'in kilomita kusan 350,000, wato fiye da kashi ɗaya cikin uku na faɗin Nijeriya. A 1987 wani makiyayi da ke haƙa rijiya a Dufuna, cikin Jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da kwalekwalen da ya fi mita 8 tsawo, wanda aka auna shekarunsa kusan 8,000. A Dabus, arewa da Agadas, akwai siffar raƙuman dawa da mutanen da suka sassaƙa a jikin dutse, a wurin da yau ba abin da raƙumin dawa zai ci.

A wannan zamani itatuwa suka fito daga mafakarsu suka bi ruwa zuwa arewa, suka rufe tuddan yashin da muke nomawa yanzu. Da ƙasa ta sake bushewa, sai suka sake ja da baya, suka bar ringi a wasu wurare. A kan duwatsun Azbin, wajen Bagazam, da duwatsun Hoggar na Aljeriya, har yanzu akwai zaitun na jeji, ɗan'uwan zaitun ɗin da muke karantawa a Littafi Mai Tsarki. Ruwan da yake samu bai isa 'ya'yansa su tsira ba sai jefi-jefi, amma tsofaffin kututture suna ta tohuwa daga gindi, ƙarni bayan ƙarni. Da aka gwada su, aka tarar suna riƙe da gado mai yalwa duk da ƙarancinsu.

Abincinmu ma daga wannan juyi ya fito. Gero ɗan ciyawar jeji ne. Binciken da aka buga a 2018 ya nuna cewa an fara mai da shi amfanin gona ne a yammacin Sahara, wajen arewacin Mali da Muritaniya, kuma ya soma bazuwa kimanin shekara 4,900 da suka wuce, daidai lokacin da hamada ke korar mutane zuwa kudu. A kan hanya ya yi ta gauraya da geron jejin da ya tarar, ya ƙara yalwar gado. Shibrar da muke gani a gona, mai kakkaɓe tsabarta da wuri, alama ce cewa zumuncin gero da danginsa na jeji bai yanke ba. Haka kuma jar shinkafar gargajiya da kakanni suka noma a fadamun Rima da Sakkwato ba daga Asiya ta zo ba. Daga shinkafar jejin Afirka aka samo ta, a fadamun kogin Kwara cikin ƙasar Mali, wajen shekara 3,000 da suka wuce.

6. Me ya sa wannan ya dame mu?

Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. A shekarar albarka kowane iri yana yin kyau. Sai fari ko cuta ta zo ake sanin amfanin bambanci. Ga misalai huɗu.

Na farko, gyaɗa. A 1975 cutar kuturtar gyaɗa ta cinye gonaki kimanin kadada 700,000 a arewacin Nijeriya, noman gyaɗa ya daɗe bai farfaɗo ba. Ƙarfin jure wannan cuta an same shi ne a cikin wasu tsofaffin irin gyaɗa da ƙananan manoma suka riƙe a kan iyakar Burkina Faso da Kwaddibuwa. Da irin wannan gado ne masu bincike, har da na Samaru a Zariya, suka fitar da gyaɗar da ke jure cutar.

Na biyu, shinkafar jeji. Akwai wata mai yaɗuwa ta saiwa a bakin tafkuna, wadda manomin fadama ke ɗauka ciyawa ce mai wahalar cirewa. Daga irin wannan shinkafa, wadda aka ɗebo a Mali, aka sami ƙwayar gadon da ke kare shinkafa daga cutar ƙunar ganye. An tantance ta a wata jami'a a Amurka a 1995, ana kuwa amfani da ita wajen gyara irin shinkafa a Asiya. Haka kuma Dokta Monty Jones na Saliyo ya haɗa jar shinkafarmu da ta Asiya aka sami Nerica, aikin da ya sa aka ba shi babbar lambar yabo ta abinci ta duniya a 2004.

Na uku, gero. Masana sun tattara irin gero daga ƙauyukan Nijar a 1976, suka sake komawa ƙauyukan a 2003. Da suka shuka na da da na yanzu gefe da gefe, sai suka ga na 2003 ya fi saurin fid da kai. Ba wani sabon iri aka raba wa manoman ba. Halin saurin nuna yana cikin geronsu tun da, shekarun fari da hannun manomi suka tace shi ya fito fili. Da gadon geron ƙunci gare shi, da babu abin da za a tace.

Na huɗu, ƙirya. An tattaro irinta daga wurare dabam-dabam a Nijar da Burkina Faso aka shuka a tashar bincike ta Sadore kusa da Yamai. Sakamakon da aka buga a 2008 ya nuna cewa 'ya'yan itatuwan da suka fito daga wuraren da suka fi bushewa sun fi girma, sun kuma fi rayuwa. Itacen da kakanninsa suka sha fari ya gaji dabarar zama da shi.

7. Ƙofa tana sake matsewa

Abin da ƙanƙara ta yi cikin dubban shekaru, gatari da wuta suna iya yin sa cikin rayuwar mutum ɗaya. Dattawanmu sun ga farin 1973 da na 1984, sun kuma san itatuwan da suka ɓace daga gonaki tun daga lokacin. A tambaye su. Mutane sun ƙaru, gonaki sun ci jeji, buhunan gawayi suna fita zuwa birni kullum. Sau da yawa itacen da ya fi kyau da miƙewa shi ake fara sarewa, a bar karkatacce ya haifi na gobe.

Fadama ma ta sauya. An gama madatsar ruwa ta Bakolori a kan gulbin Sakkwato a 1978, ta Goronyo kuma a kan Rima a 1984. Sun kawo noman rani, wanda ke ciyar da gidaje da yawa. Amma binciken da aka yi a ƙauyukan da ke ƙasa da Bakolori ya nuna cewa ambaliyar shekara-shekara ta ragu, noman shinkafar fadama ya ja baya. Tafkin da ya daina cika, tsire-tsiren bakinsa ma sukan tafi.

Ga kuma rashin zaman lafiya. A watan Yuli na 2018 'yan bindiga suka kai hari Tabanni a ƙaramar hukumar Rabah, jama'a da yawa suka gudu zuwa Gandi. Ƙauyuka da dama a gabashin Sakkwato sun sha irin wannan baƙin ciki a shekarun da suka biyo baya. Wanda ya gudu da dare ba ya ɗaukar damin iri. Idan irin geron wani ƙauye a rumbunan ƙauyen kaɗai yake, ranar da aka ƙone su ya ƙare.

Gaskiya ne akwai manyan ɗakunan ajiyar iri. Cibiyar IITA da ke Ibadan tana riƙe da irin wake fiye da 15,000. A 2008 aka buɗe wani babban rumbu cikin dutse mai ƙanƙara a Svalbard ta ƙasar Nowe, kuma a 2015 masu binciken da yaƙin Siriya ya raba da rumbunsu na Halab suka karɓo irinsu daga can. Amma ba kowane iri ke ajiyuwa ba. Ƙwarar kaɗanya takan mutu cikin 'yan makonni idan ta bushe, itacen kuma yakan yi shekara 15 zuwa 20 kafin ya fara 'ya'ya. Rumbun irin waɗannan itatuwa shi ne itacen da ke tsaye da ransa.

8. Abin da ikkilisiya za ta iya yi

Yusufu bai hana yunwa zuwa Masar ba. Abin da ya yi shi ne ya tara a shekarun ƙoshi, ya kuma ajiye a birane da yawa, ba wuri ɗaya ba. Ga matakai bakwai da ba su bukatar kuɗi mai yawa.

(a) Mu san abin da muke da shi. Matasa su zauna da tsofaffi, maza da mata, su rubuta sunayen itatuwa da ganyayen jeji na ƙauyen: waɗanda suke da yawa, waɗanda suka ragu, da waɗanda suka ɓace. Kada a manta da abincin shekarar yunwa kamar anza, tafasa, yaɗiya da ƙarangiya.

(b) Mu gane mafakarmu. Bakin tafki, kwazazzabo, gindin dutse, tsohuwar maƙabarta da kufai sukan riƙe itatuwan da suka ƙare a gonaki. A kai maganar gaban mai gari, a haɗa kai da maƙwabtanmu Musulmi da Fulani makiyaya, domin jejin na kowa ne, dokar da ɓangare ɗaya ya kafa kuwa ba ta daɗewa.

(c) Mu rayar da kututture. Ayuba sura 14 ta yi maganar begen da ke ga itacen da aka sare, cewa yakan sake tohuwa. A 1983 wani ma'aikacin mishan na SIM a Maraɗi, Tony Rinaudo ɗan Ostireliya, ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kowace bazara rassan tsofaffin itatuwa ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa. Aka fara barin reshe biyu zuwa biyar masu ƙarfi a kowane kututture, ana datse sauran. Manoma suka sa wa dabarar suna sassabin zamani. An ƙiyasta cewa ta komo da itatuwa kusan miliyan 200 a kan kadada miliyan 5 a Nijar. Kututturen kalgo, sabara, gawo ko magarya da ke gonarka ɗan asalin wurin ne, gadonsa ya riga ya san ƙasar.

(d) Mu tara iri daga uwaye da yawa. Idan za a kafa wurin renon itatuwa, kada a cika buhu daga gindin itace ɗaya don yana kusa da gida. A ɗebo kaɗan-kaɗan daga itatuwa 30 ko fiye, masu lafiya, da tazarar taki 100 tsakaninsu, domin na kusa da juna galibi 'yan uwa ɗaya ne.

(e) Idan za a nemo iri daga nesa, a fi neman na wurin da ya kai namu bushewa ko ya fi, ba na wurin da ya fi mu ruwa ba.

(f) Kada mu cika gari da itace iri ɗaya. Dogon yaro baƙo ne daga Indiya, ya kuwa yi mana amfani ƙwarai. Amma a filin majami'a da na makaranta a sa masa maƙwabta: tsamiya, kuka, kurna, aduwa, ɗorawa.

(g) Mu raba ajiyar irin gona. Sabon iri mai saurin nuna yana da kyau, a karɓe shi, amma a bar wa tsohon iri 'yan kunyoyi kowace shekara. Kowace ikkilisiya ta yi musayar irin gero, dawa, wake da shinkafa da wata ikkilisiya mai nisa da ita, a rubuta sunan irin da ƙauyen da ya fito. In masifa ta sami wuri ɗaya, ɗayan zai mayar masa.

Allah ya sa Adamu a gona domin ya nome ta, ya kuma kiyaye ta (Farawa 2:15). Noma mun iya. Kiyayewar ce ake tambayarmu yanzu.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Waɗanne itatuwa ne iyayenmu suka ci 'ya'yansu a wannan ƙauye, waɗanda yaranmu ba su taɓa gani ba? Ina ne wuri mafi kusa da za a same su yau?

2. A gwada misalin ƙwarya da cokali sau uku. Kala nawa ta ɓace a kowane gwaji? Me wannan ya koya mana game da sare itatuwa har a bar biyu ko uku kawai?

3. A karanta Maimaitawar Shari'a 20:19-20. Idan Allah ya hana a sare itatuwa masu 'ya'ya ko a lokacin yaƙi, me zai ce game da yadda muke yi da su a lokacin da muke neman kuɗin gawayi?

4. Mata ne suka fi sanin itace mai daɗin ganye da mai yawan 'ya'ya. Ana jin muryarsu idan za a sare itace a gona? Yaya za a gyara?

5. Gidajen da ke sayar da itacen wuta domin ba su da wata hanyar samun abinci, yaya ikkilisiya za ta taimake su ba tare da ta hukunta su ba?

6. Wane mataki ɗaya cikin bakwai ɗin nan za mu fara kafin damina mai zuwa? Wa zai jagorance shi?

Addu'a

Ya Ubangiji Allah, Mahaliccin sama da ƙasa, mun gode maka domin ka kiyaye iri a cikin dogon fari tun ba a haife mu ba, ka kawo shi har ƙofar gidajenmu. Ka ba mu hikima irin ta bawanka Yusufu, mu tattala abin da ka danƙa mana. Ka tuna da 'yan'uwanmu da maƙwabtanmu da aka raba da gonakinsu, ka komo da su gida lafiya. Ka ba ƙasarmu salama da damina mai albarka. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.